Kafin a biya kuɗin dashe, a fara hawa sikeli

'Yan uwa mata, ga tambayar da nake yawan samu a wajen aikinmu a nan Zariya: idan ƙwan mace ya yi rauni, aka samo na wata matashiya aka haɗa da maniyyin miji aka dasa mata, ina ruwan ƙiba kuma? Da ruwanta kuwa. Ƙwan na wata ne, amma mahaifar da za ta riƙe shi taki ce, jinin da zai ciyar da shi ma naki ne.

Awon ƙiba, wanda ake kira BMI, ba wuya. Ki raba nauyinki na kilo da tsayinki na mita, abin da ya fito ki sake raba shi da tsayin. Mai kilo 80 da tsayin mita 1.6 za ta samu 31. Daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai, daga 30 kuwa an shiga ƙiba. A nan ɓari ya fi yawa, haka ciwon sukari na masu ciki, da hawan jinin da kan kai ga jijjiga, da haihuwa ta tiyata. Shi kansa cikin da aka samu da ƙwan wata ya fi zuwa da hawan jini, to ina ga an haɗa biyun?

Abin da ke ƙona mini rai shi ne sha-ka-fashe. Mace na neman haihuwa ido rufe, tana kuma haɗiyar ƙwayar dexamethasone don ta yi ƙiba a ce tana jin daɗin gidan miji, alhali yana tayar da sukari da jini. Don Allah a daina.

Ba a ce ki koma kamar sillen kara ba, ramar da ta kai ƙasa da 18.5 ma matsala ce. Ga mai kilo 80, sauke huɗu zuwa takwas ma ci gaba ne. A rage lemon kwalba da sukarin shayi da malmalar tuwo, a ƙara wake da zogale, a taka bayan la'asar. Maigida ma ya hau sikelin, don ƙiba na raunana maniyyi.

Na san akasarin malamanmu ba su halatta ƙwan wata mace ba, ku tambayi malaminku tun da wuri. Shawarar nauyin dai ta shafi mai dashe da ƙwanta ma. Ki je sashen mata na asibitin koyarwa da ke Shika, a auna jini da sukari, ki fara shan ƙwayar bitamin ta folic acid tun kafin ciki ya shiga.