Koyon waƙa a Damagaram: abin da masu farawa ke yawan tambaya

Murya baiwa ce, ko koyonta ake yi?

Kaurinta ko sirantarta halitta ce. A cikin maƙogwaro akwai wasu ƴan tsoka biyu da iska ke kaɗawa idan ta taso daga huhu, kuma na maza sun fi tsawo da kauri, shi ya sa muryarsu ke ƙasa. Amma riƙe kari, da jan baiti numfashi bai yanke ba, da faɗawa daidai kan sauti, duk horo ke kawo su. A al'adar makaɗan fada, yaro kan daɗe yana amshi a bayan ubangidansa kafin a bari ya ja waƙa. A nan kunnensa ke nuna.

Da me zan fara?

Da numfashi. Kwanta rigingine, ka ɗora hannu a ciki, ka ja iska. Cikin ne ya kamata ya taso, kafaɗu su zauna inda suke. Naman da ke shimfiɗe a ƙarƙashin huhu ne ke sauka ya buɗe wa iska wuri. Sai ka sake ta a hankali da "sss", kana ƙirge, kullum ka ɗan ƙara. Da yawa daga cikin masu cewa muryarsu ba ta hawa, iska ce ke ƙare musu a tsakiyar baiti, sai su matse wuya su ƙarasa da ƙarfin tsiya. Daga nan dishewa ke farawa.

Kafin rerawa a ɗumama murya kamar minti 10: baki a rufe ana "mmm", a hau a sauka, ba ihu.

Yaya zan gane na kauce wa sauti?

Ɗauki muryarka a waya ka saurara. Za ka ji kamar ba taka ba, don kai kana jinta ne har ta ƙasusuwan kanka. Ka sami mai gurmi ko piyano ya taɓa sauti ɗaya, ka bi shi har ku haɗu. Masu sitidiyo na iya gyara murya a kwamfuta, gaskiya ne, amma ranar biki a unguwar Zango ko ta Birni, da kalangu a bayanka, babu mai gyara maka. Ka kula kuma da gaɓoɓin kalmomi: wanda ya ja gajera ko ya datse doguwa don ta shiga kiɗa, mai sauraro zai ji waƙar na ɗingishi.

Zuma, citta da ɗanyen ƙwai suna buɗe murya?

Abin da aka haɗiye hanyar abinci yake bi, ba ya taɓa ƴan tsokar nan biyu masu fitar da murya. Zuma da ruwan ɗumi na sanyaya maƙoshi, iyakarta ke nan. Ɗanyen ƙwai kuwa ba ruwansa da murya. Ruwa ne ke aiki, shi ma sai an sha tun sa'o'i kafin waƙa, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu da hunturu ke busar da komai. A rufe hanci da rawani ko mayafi a kan babur, a bar taba.

In murya ta dishe fa?

A yi shiru. Raɗa ma wahalar da ita take yi, haka yawan gyaran murya. Idan dishewar ta wuce mako 3, ko ana jin zafi wajen magana, a je babban asibitin Damagaram a nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya duba.