Me Bature ke nufi idan ya ce "compatible"?

Daga ina kalmar ta fito?

Tushenta Latin ne, daga "compati", wato taya wani jin zafi. A Turancin yau, ana cewa abu biyu "compatible" ne idan za su zauna tare ba tare da ɗaya ya ɓata ɗaya ba. "Compatibility" kuma sunan wannan hali ne. Mu sai mu ce dacewa ko jituwa.

A hirar yau da kullum fa?

Galibi a kan mutane ake faɗinta: saurayi da budurwa, ko abokan sana'a. Ita ce abin da Bahaushe ke cewa jininsu ya haɗu. Kana kuma jin ta a shagon waya, idan mai gyara ya juya cajarka ya ce bakinta ba zai shiga ba.

To idan likita ya faɗe ta?

Nan magana ta bar hannun ra'ayi ta koma ga gwaji. A 1901 wani likita mai suna Karl Landsteiner ya gano cewa jinin mutane rukuni-rukuni ne. Idan aka ƙara wa mai rukunin A jinin B, garkuwar jikinsa za ta far wa baƙin ƙwayoyin, su dunƙule su fashe, har rai ya iya salwanta. Shi ya sa kafin ƙarin jini ake gauraya ɗan na mai bayarwa da na mai karɓa a ɗakin gwaji, a duba.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta gwajin kafin aure. Masoya na iya jituwa ta kowace fuska, amma idan dukansu AS ne, wato kowannensu na ɗauke da ƙwayar gadon sikila ba tare da yana fama da ciwon ba, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da sikila. Jininsu ya haɗu a bakin Hausa, bai haɗu a takardar asibiti ba.

An rubuta "compatible with" wata cuta a sakamakon hotona. Na kamu ke nan?

Ba lallai ba, kuma a nan mutane da yawa ke tayar da hankalinsu. A bakin masana kimiyya, ma'anarta ita ce abin da aka gani bai saɓa wa wannan cuta ba. Tabon da ke hoton ƙirji zai iya dacewa da tarin fuka, ya kuma dace da wani ciwon huhu daban. Sai an gwada majina kafin likita ya yanke hukunci, don haka ka koma masa da takardar ka tambaye shi gwajin da ya rage.