Iya magana wajen hana rikici

Iya magana wajen hana rikici shine hukuma da malaman addini da 'yan jarida, har da mai waya a hannu, su tauna abinda zasu faɗa da lokacin faɗinsa da kuma bakin da ya dace ya fito, don kar ƙaramin saɓani ya zama tarzoma. Hausawa dama sun ce magana zarar bunu ce.

A jihar Kaduna ba sai an yi dogon bayani ba. Rikicin Kafanchan na Maris 1987 daga wa'azi ya faro a Kwalejin Ilimi, kan kace me ya kai Zariya da Kaduna da Funtuwa. Na Nuwamba 2002 kuwa rubutu ne a jaridar ThisDay kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, aka sako sunan Annabi (SAW) ta hanyar da ta fusata musulmi, jaridar ta nemi afuwa amma wuta ta riga ta kama, aka ƙona ofishinta na Kaduna, sama da mutum 200 suka mutu, gasar ma aka ɗauke ta daga Abuja zuwa Landan.

Amma abinda yafi yawan tada hankali jita-jita ce. Wani yace wai ana can ana yi, sai kaga 'yan kasuwa na jan ƙofar shago, masu keke na juyawa da fasinja, iyaye na gudu makaranta ɗauko yara, to gudun nan kansa shi ke tabbatar wa na gaba cewa lallai akwai abu. Tun bayan rikicin shari'a na 2000 da mutanen garin Kaduna suka rabu, musulmi suka fi yawa a unguwanni irin su Rigasa da Tudun Wada, kiristoci a su Sabon Tasha da Television, maƙwabcin da zai ce maka ƙarya ne lafiya lau muke ya yi ƙaranci. Anan shirun hukuma ke yin ɓarna, don in bata yi magana da wuri a rediyo ba WhatsApp zai yi mata. Shi WhatsApp ɗin ma a 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci ɗaya saboda irin wannan.

Cikin hanyoyin da ake bi akwai sanarwar haɗin gwiwa ta ƙungiyar musulmi ta JNI da ta kiristoci ta CAN, da kiran masu unguwanni, da daina ambaton ƙabila ko addinin wanda ake zargi da laifi. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda da abokan gaba ne, tun 1995 suke aikin sasanci tare, kuma a Agusta 2002 shugabannin addini 22 suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, duk da dai wata uku bayan nan aka sake gwabzawa, takarda ita kaɗai bata isa ba kenan. A 2017 gwamnatin jihar ta kafa hukumar zaman lafiya.