Bidiyon sujada na tele da DVD: ga amsoshinku, a bar kirana da tsakar dare

Tun Kirsimeti wayata ba ta huta ba. Daga cikin Maraɗi, daga Tsibiri, daga Danja, har wani ɗan'uwa daga Tasawa, kowa da bidiyon sujadarsa, kuma tambayoyin guda ne ake ta jujjuya su. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na rubuta. Wanda ya sake tambayata abin da ke nan, wannan rubutun zan tura mishi.

Da waya za mu iya ɗauka?

Kuna iyawa. Kwantar da ita, kar ku riƙe ta a tsaye, tele ba status ba ce. Ku ɗora ta kan ƙafa, hannun mutum ba ya jure wa'azin awa guda.

In turo maka ta WhatsApp?

A'a. Yana matse hoton ya kashe shi. Kawo a kile ko katin memori. In kana nesa ƙwarai, tura shi a matsayin dokiman.

Na sa bidiyon a faifai, kwamfuta na karantawa, amma na'urar DVD ta gidan Mama ta ƙi.

Don ba DVD ka yi ba, kwafe fayil kawai ka yi. Faifan da kowace na'ura ke ci sai an mayar da hoton MPEG-2, wato irin bidiyon da na'urar DVD ke ganewa, an gina shi cikin jakar VIDEO_TS. Shirin kwamfuta mai suna DVDStyler na yin wannan, kyauta ne. Ƙona shi a hankali, ka sa saurin ƙonawa a 4x ko 8x, gaggawar me kake.

PAL ko NTSC?

PAL. Su biyun tsarin hoton tele ne. PAL girman hotonsa 720 da 576 ne, hoto 25 a daƙiƙa. NTSC na Amurka ne. Wani ya kawo mini gardama wai ai Nijar kan wani tsarin muke mai suna SECAM, e a zamanin tsohuwar tele ta eriya haka ne, amma babu wani faifan DVD na SECAM, PAL ake yi har a Faransa. Wutar lantarkinmu ma sau 50 take bugawa a daƙiƙa, shi ya sa in ka ɗauka da hoto 30 a daƙiƙa ƙarƙashin dogayen fitilun nan na coci kake ganin hoto na ƙyafta ido. In kyamararka na da 25 ko 50, sa ta nan tun kafin a fara waƙar buɗewa.

Baba Fasto ya rufe baki amma murya na ci gaba. Ya zan gyara?

To nan ne aikin yake, kuma amsar ba guda ba ce, ya danganta da inda cutar ta fito. Fara da wannan: duba farkon bidiyon, duba tsakiya, duba ƙarshe. In tazarar iri ɗaya ce tun daga farko har amin, ka gode wa Allah, abu ne mai sauƙi, ja layin murya gaba ko baya sau ɗaya shi ke nan. Sau da yawa nisa ne ke kawo shi. Sauti na tafiyar wajen mita 340 a daƙiƙa, in ka kafa kyamara can bayan majami'a kusa da ƙofa, mita talatin da bagadi, muryar da ta shiga kyamara ta makara da sama da hoto biyu, kai kuma ka zo ka daidaita muryar da aka ɗauka daban daga miksa, na'urar da makirfo ke shiga, da wannan makararriyar, ka ga ka gaji lattin ke nan. Shi ya sa nake cewa kafin a fara wani ya tsaya gaba ya tafa hannu sau ɗaya inda kyamara ke ganinsa, kusa da makirfo. Yaran mawaƙa suna mini dariya in na yi, su yi ta yi, wannan tafin ya sha cetona.

Amma in farko daidai ne, sai tazarar ta yi ta ƙaruwa har lokacin baiko ta kai daƙiƙa biyu ko uku, to wannan wata cuta ce daban. Mafi yawa waya ce. Waya ba ta riƙe yawan hotonta daram, in haske ya ragu ko ta yi zafi sai ta rage, ga zafin Maraɗi a watan huɗu ƙarƙashin kwano, shi kuma shirin montaj yana ɗauka komai daidai yake tafiya. Abin da nake yi shi ne in fara wuce fayil ɗin ta HandBrake, shirin da ke juya bidiyo, in ɗaure shi a 25 tsayayye kafin in taɓa komai. Galibi yana warkewa. Na ce galibi, ban ce kullum ba. Kuma akwai kuɗin da ake biya: daga 30 zuwa 25 ana zubar da hoto biyar kowace daƙiƙa, mai wa'azi da ke tsaye ba za a lura ba, amma zumuntar mata in suka taso da rawa da tulu da kacau-kacau za ka ga motsin na ɗan tsalle. Ni dai na fi yarda da ɗan tsallen a kan baki da murya su rabu, wani kuma zai iya zaɓar akasin haka, ban hana shi ba.

In ka yi wannan bai tafi ba, duba na'urar da ta ɗauki murya daga miksa. Wata saitin ɗaukar sautinta na kan 44.1 kHz, bidiyo kuma 48 yake so, DVD ma 48 ne, mayar da ita. Ko da duka suna 48, na'ura biyu agogo biyu ne, cikin awa uku suna iya ɗan saɓawa. Nan babu dabara sai haƙuri, ka yanka muryar a inda aka yi shiru, tsakanin waƙa da karatu, tsakanin karatu da wa'azi, ka matsa kowane yanki ya zauna. Kar ka yanka a tsakiyar waƙa, kunne na kamawa. Sannan wasu kyamarori na raba fayil duk giga 4, wasu na hoto kuma suna tsayawa da kansu dab da minti 30, in aka rasa daƙiƙa a mahaɗar, duk abin da ya biyo baya ya goce. Duba mahaɗan ɗaya bayan ɗaya. Kar hankalinka ya tashi ɗan'uwa, kusan duka ana gyara su, dare guda ne kawai za ka rasa.

Ba mu ɗauki murya daga miksa ba, ta kyamara ce kawai.

Kun ɗauki fanka da kukan yara da gurup. Zan rage hayaniyar da za ta ragu, amma muryar da ba a kama ba montaj ba ya haifar da ita. Mutane na yafe hoto mai duhu, wa'azin da ba a ji kuwa tashar suke canzawa. Igiya guda ce daga miksa, ku saye ta. Ku kuma sa abin kunne ku saurara, bara an kawo mini bikin godiya na wata ikilisiya, igiyar na nan an jona, amma ƙugi ne zzzz daga farko har ƙarshe, babu wanda ya saurara ko minti ɗaya.

Sujadarmu awa uku da rabi ce, dattawa na so ta shiga faifai ɗaya.

Faifai giga 4.7 ne, awa biyu ke zama da kyau. In ka danna uku da rabi fuskokin mawaƙa za su koma kamar an shafa musu kunu. Yi faifai biyu, ko ka nemi na 8.5, sai dai tsofaffin na'urori ba duka ke son sa ba. Ko ka yanke sanarwa, wa zai zauna ya kalli sanarwar sharar Asabar ɗin da ta wuce.

Me za mu kai gidan tele?

Ku tambaye su. Kafin ku ɗauka, ba bayan kun gama ba. Ku samu mai fasahar tashar, ba mai karɓar kuɗi ba, ku tambaye shi irin fayil, faɗin hoto 16:9 ko 4:3, ƙarfin murya, da minti nawa daidai. In an ce 26 to 26 ne, in kun kai 29 su za su yanke, kuma addu'ar rufewa za su yanke. Kar ku kai musu DVD in suna karɓar fayil, ya riga ya rage hoton. Sunan mai wa'azi da ayar da ake karantawa ku matso da su ciki, kashi goma cikin ɗari daga kowane gefe, tsohuwar tele na cinye baki-baki, sai Yohanna 3:16 ta koma hanna 3:1.

Shaidar da aka bayar mu bar ta a ciki?

Kun tambayi mai ita? Abin da mutum ya faɗa gaban ƴan'uwa cikin majami'a daban, abin da dangin mijinta da maƙwabta za su gani a tele daban, a garin nan kowa ya san kowa. Wannan ya fi ɓata mini rai a kan duk maganar PAL. In ba ta ce e da bakinta ba, cire. Haka masu kuka wajen addu'a, haka wanda aka yi wa baftisma. Ku sanar tun farko cewa yau ana ɗauka, wanda ba ya so ya zauna gefen da kyamara ba ta kaiwa.

Na gama DVD, in goge asalin?

Kar ka kuskura. Ajiye wuri biyu.

Wai har yanzu akwai masu kallon DVD?

Akwai, tsofaffinmu da ba sa iya zuwa sujada, da ƴan'uwa na ƙauye inda intanet ke wahala. Yi musu. Matasa ka ba su MP4 a kati. Kafin ka ƙona faifai hamsin, ƙona guda, kai shi gidan da ke da na'ura mafi tsufa a ikilisiya, ka zauna ka kalle shi har ƙarshe. Ka rubuta kwanan wata a fuskar faifan da ake rubutu da maka mai laushi, ba da biro ba.