Tsayin tsirkiya a jitar bes

Tsayin tsirkiya a jitar bes ta lantarki, wato jita mai kaurin amo, shi ne tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarafan da aka gitta a wuyan jitar, waɗanda makaɗa ke kira firet. Da milimita ake auna shi, galibi a kan firet na 12, kuma a yawancin jitoci yana kamawa daga milimita 2 zuwa 3, tsirkiya mafi kauri ta ɗan ɗara sauran. Tazarar ba ta wuce kaurin ƙwayar gero ba, amma a kanta nauyin hannun makaɗi da irin amon jitar suka rataya.

Yadda yake aiki

Bes da aka saba gani tana da tsirkiya huɗu, E, A, D da G, tsawonsu daga kan wuya zuwa jaki, wato abin da ke tallafe da su a jikin jitar, inci 34, kusan santimita 86. Tsirkiya mai kauri da tsawo haka lilonta na da faɗi idan an fizge ta. In ta yi ƙasa da yawa sai ta riƙa dukan firet tana ziza. In ta yi sama yatsun hagu su sha wuya, kuma dannawar na ƙara mata ɗauri har sautin ya haura inda ya kamata ya tsaya.

Jakin molo ko na garaya ɗan itace ne a kan fata. Na bes ƙarfe ne, kowace tsirkiya da mazauninta da ƙananan noti biyu na ɗagawa da saukewa. A cikin wuyan kuma an binne sandar ƙarfe mai jayayya da ɗaurin tsirkiyoyin, wanda a haɗe yakan kai kilo 70 zuwa 90.

Tarihi

Wajen tsakiyar shekarun 1930 Paul Tutmarc na birnin Siyatil a Amurka ya ƙera bes ta lantarki mai firet, sai dai ba ta yi kasuwa ba. Wadda ta karɓu ita ce Precision Bass da Leo Fender ya fitar a 1951. Masu kaɗa ta na farko, irin su Monk Montgomery, da babban yatsa suke fizga, shi ya sa jitocin wancan zamani ke da ɗan katako a ƙarƙashin tsirkiyoyi inda sauran yatsu ke riƙewa.

Da yawa daga cikin makaɗan farko sun taso ne a kan babbar bes ta tsaye, wadda tsirkiyarta ke nesa da wuya, suka kuma zo da ƙarfin hannunsu. James Jamerson, wanda ya kaɗa wa kamfanin Motown na Ditiroit a shekarun 1960, shi ne misalin da aka fi kawowa. Tsirkiyar jitarsa na can sama, irin mai santsin jiki, an ce ba ya canza ta sai ta tsinke, kuma da manuniya kaɗai yake fizga. Amon da ke fitowa gajere ne mai kauri, kamar dukan ganga. Wasu da suka taɓa jitar sun ce da ƙyar suke iya danna ta.

A Ingila John Entwistle na ƙungiyar The Who ya bi akasin haka. Ya kwantar da tsirkiya har ta kusa taɓa firet, ya koma wa tsirkiya mai kaushin jiki ta kamfanin Rotosound wajen 1966, yana buga ta da kan yatsu kamar mai buga tafireta. Zizar da wasu ke gudu shi ya mai da ita ado.

Salon mari kuwa ana jingina shi ga Larry Graham. Yana saurayi yana kiɗa da mahaifiyarsa ba su da mai ganga, sai ya riƙa dukan tsirkiya mai kauri da gefen babban yatsa a madadin babbar ganga, yana ɗago siririya da manuniya ya sake ta a madadin ƙarama. Salon ya fara bazuwa a ƙarshen shekarun 1960. Dole tsirkiya ta kasance ƙasa-ƙasa, domin karonta da firet ne ke ba da amon. Jaco Pastorius ma, da ya cire firet ɗin jitarsa ya shafe wuyan da gam mai tauri, ya nuna cewa tsirkiyar da ta kusanci katako takan yi wani irin kuka mai ja.

Ko tsirkiyar da ke nesa da firet ta fi daɗin amo? Makaɗa ba su daidaita ba.

A Kebbi da Zamfara

An fi ganin bes a ƙungiyoyin kiɗa na majami'u, a wurare irin su Zuru, Birnin Kebbi da Gusau. A situdiyon waƙoƙin Hausa fiyano ce ta gaje aikinta.

Babban abin da ke taɓa tsayin tsirkiya a nan shi ne yanayi. Da hunturu katako yakan bushe ya tsuke, lanƙwasar wuya ta canza, tsayin tsirkiya ya canza tare da ita, bakin firet kuma ya leƙo yana kartar tafin hannu. Da damina ta sauka sai katakon ya sha laima, lanƙwasar wuyan ta sake canzawa. Jitar da aka saita a watan Agusta da wuya ta kai Janairu yadda take.

Wanda ba shi da ma'auni zai iya haɗa katin ATM uku, kaurinsu ya kai milimita 2.3, ya zura su ƙarƙashin tsirkiya a firet na 12. Lanƙwasar wuya kuwa ana duba ta ne a danne tsirkiya a firet na farko da na ƙarshe lokaci guda: sararin da ya rage a tsakiya kada ya kai rabin kaurin kati ɗaya. Sandar cikin wuya ba a murɗa ta fiye da rubu'in zagaye a zama ɗaya, sai a bar katakon ya kwana kafin a sake taɓawa.