Yaushe za ka sayi kayan haɗa kwamfutar gem? Amsoshin tambayoyin matasan Katsina

Matasa da yawa a Katsina sun gaji da biyan kuɗin awa a gidajen gem, sun shiga sha'awar haɗa kwamfutarsu da hannunsu: furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) daban, katin hoto (mai fitar da hoton gem) daban, madabod (faifan da ake jona komai a kansa), RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi), SSD (ma'ajiyar fayiloli) da fawa-fak (mai raba wa kayan wuta), a ɗaura su cikin akwati guda. Nakan taya mutane wannan aiki, kuma na lura ba a cika yin asara wajen zaɓen kaya ba kamar yadda ake yi wajen zaɓen lokacin saye. Ga tambayoyin da aka fi kawo mini.

Kuɗina ba su cika ba. Me zai hana in riƙa sayen abu ɗaya duk wata har in kammala?

Wannan dabarar mai gini ce: yau bulo, gobe rodi, jibi yashi, a jibge a fili. Kayan kwamfuta kuwa babu wanda za ka tabbatar da lafiyarsa shi kaɗai. Madabod ba ya nuna yana da rai sai an ɗora masa furosesa da RAM an ba shi wuta. Katin hoto sai ya yi awa ɗaya ko biyu yana jan gem mai nauyi kafin a gane ko zafi na kashe shi. Shi kuma mai shago, a Kano yake ko a Computer Village da ke Ikeja, 'yan kwanakin gwaji yake ba ka, musamman a kayan hannu. Garantin shekaru da ke rubuce a jikin kwali, masu shi suna wata ƙasa. Kai da ke Ƙofar Ƙaura, ka aika kaya can ka zauna jiran dawowarsu, ba ƙaramin aiki ba ne.

Akwai wani yaro ɗan Daura da ya sayi madabod cikin azumi, ya adana shi a kwalinsa, bai samu kuɗin furosesa ba sai bayan Babbar Sallah. Ranar da muka haɗa, ko fanka ba ta juya ba. Muka canza fawa-fak, muka canza RAM, shiru. Da ya kira wanda ya sayar masa, cewa ya yi: "Haba ƙanena, kaya ya yi wata uku a hannunka, ta ina zan san ba a wurinka ya lalace ba?" Abin ya taɓa ni ƙwarai, domin kuɗin darasin da yake koya wa yara da yamma ne ya tara.

Sannan akwai maganar dacewa. RAM samfurin DDR4 ba ya shiga ramin da aka yi wa sabon samfurin DDR5 a jikin madabod. Furosesar kamfanin AMD ta mazaunin AM4 (gurbinta a jikin madabod) ba ta zama a kan AM5, wanda ya fito a 2022 kuma DDR5 kaɗai yake karɓa. Wanda ya sayi abu ɗaya a watan Janairu ya ɗaure kansa da shi, ko da kasuwa ta juya kafin Yuni.

Abin da za ka iya saya da wuri ba fargaba shi ne akwati, kibod, mawus da monita. Monita ma ranar da ka saye shi za ka jona shi da laftof ɗin wani ko dikoda ka ga lafiyarsa. Furosesa, madabod, RAM, SSD da katin hoto kuwa, su shigo hannunka cikin mako guda.

To ai naira ba ta jira na. In na ajiye kuɗin, ba narkewa za su yi ba?

Wannan ƙorafi gaskiya ne, ba zan raina shi ba. Duk kayan nan da dala ake sayo su. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki farashin canji a watan Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a hukumance. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Katin hoto na RTX 4060 da Nvidia, mai ƙera shi, ta sa wa dala 299, a lissafin farko bai kai naira dubu 140 ba, a na biyu ya doshi dubu 450, ba a sa kuɗin dako da kwastam da ribar ɗan kasuwa ba. Babu wata rangwamen kasuwa da ta kai wannan girma, shi ya sa a wurinmu farashin dala ya fi kowane abu yanke hukunci.

Sai dai tsoro ma yana sa asara. Waɗanda suka ruga suka saya a Fabrairun 2024, lokacin da dala ta doshi 1,900 a kasuwar bayan fage, sun ga ta sauko wajen 1,100 a watan Afrilu.

Maganin shi ne ka kare darajar kuɗin, ba ka mayar da su kayan da ba ka iya gwadawa ba. Mai asusun dala a banki ya riƙa canzawa kaɗan-kaɗan yana ajiyewa. Mai adashi ya nemi ɗaukarsa ta faɗo daidai lokacin da ya shirya saye, kuɗin su zo a dunƙule. Iyayenmu ma tun da can a tunkiya ko buhun gero suke ajiye dukiya, don sun san takarda tana raguwa a aljihu. In kuma dole sai ka fara sayen abu ɗaya, sayi katin hoto, shi ne ya fi tsada, amma da sharaɗin akwai abokin da zai bari ka ɗaura shi a kwamfutarsa ka gwada cikin makon.

In jira Black Friday?

Ita ce ranar rangwamen kaya, Juma'ar da ke bin Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba a Amurka, kuma Jumia da Konga suna yin tasu a watan. AliExpress na da tata ranar 11 ga Nuwamba. Ana samun sauƙi na gaske a SSD, monita, akwati da fawa-fak. Sabon katin hoto mai farin jini ba kasafai ake rage masa abin kirki ba. In shirinka ya faɗo kusa da lokacin, jira. In kana watan Maris ne, bai kai ka zauna wata takwas ba. Kuma tun Oktoba ka fara rubuta farashi a takarda, don ka gane wanda aka ɗaga kafin a ce an rage.

Mai odar kaya daga Caina ya kula da hutun sabuwar shekararsu, da ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu. Masana'antu da masu dakon kaya suna tsayawa na makonni.

An ce sabon kati na nan tafe. Ba gara in jira shi ba?

Kullum akwai sabo a tafe. Nvidia ta fitar da jerin RTX 20 a 2018, RTX 30 a Satumbar 2020, RTX 40 a Oktobar 2022, RTX 50 a Janairun 2025. Wato kusan duk shekara biyu. Kamfanoni sun saba sanarwa a bajekolin CES da ake yi a Las Vegas cikin Janairu, ko Computex na Taipei wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni. In kamfani da bakinsa ya faɗi rana, kuma saura wata ɗaya ko biyu, jira na da amfani, ba don ka sayi sabon ba, sai don masu tsohon za su fara sakinsa a kasuwar hannu. In jita-jita ce kawai, zaman jiran gawon shanu za ka yi.

Farashin ranar fitowa ma sau da yawa a takarda yake. An sa wa RTX 3080 dala 699 a 2020, amma sama da shekara guda samunsa a haka ya gagari mutane, saboda ƙarancin kayan haɗi lokacin korona da kuma masu haƙar kuɗin kirifto da kwamfuta, da suka kwashe katuna. Sai a 2022 abin ya lafa, shekarar da Ethereum, ɗaya daga cikin manyan kuɗin kirifto, ta daina dogaro da haƙa da katin hoto, ranar 15 ga Satumba. Wanda bai yi gaggawar sayen sabo ba kuma yana tsira daga matsalar da ba ta bayyana ba tukuna: a 2024 Intel ta amince cewa wasu furosesocinta na zubi na 13 da na 14 suna lalacewa saboda yawan ƙarfin wuta, har ta ƙara musu garantin shekara biyu.

Ka kuma tambayi kanka me za ka buga. Yawancin masu zuwa wurina EA Sports FC, eFootball, GTA V da PUBG suke so, a monita mai 1080p. Furosesar Ryzen 5 5600 da katin RX 6600 ko RTX 3060 sun ishe su. Ba su da abin da suke jira a Las Vegas.

Me ya sa RAM ya yi tsada haka?

Kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan duk kasuwar: Samsung, SK Hynix da Micron. Daga ƙarshen 2025 manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suka riƙa kwashe abin da suke ƙerawa, farashin DDR5 ya ninka har ya wuce. A Disambar shekarar Micron ta sanar da rufe Crucial, sashenta na sayar wa jama'a. A irin wannan yanayi, sayi 16GB ka fara, ka zaɓi madabod mai ramuka huɗu don ƙari nan gaba.

Kayan hannu fa?

Furosesa da RAM na hannu ba su cika ba da matsala ba. Katin hoto ka saya in an kunna shi a gabanka, ka ga zafinsa, ka ji ƙarar fankokinsa. Sayensa ta hoton WhatsApp cinikin biri a sama ne. Fawa-fak kuwa ba na yarda kowa ya sayi na hannu ko marar suna, domin ran da ya mutu yakan tafi da na kusa da shi.

Wane abu ne ake mantawa da shi?

Wuta. Ita ce ya kamata a fara kashe wa kuɗi, kuma ita ake bari ƙarshe. Dukkanmu mun san yadda wuta ke zuwa da ɗaukewa, wani lokaci ta zo da rauni, wani lokaci da ƙarfin da ya wuce kima, ga tsawar damina. Kwamfuta mai Ryzen 5 5600, wadda aka ƙiyasta wa wat 65, da RTX 4060 mai wat 115, in an haɗa da monita takan ja wajen wat 250 zuwa 300 lokacin gem. Awa huɗu a rana ya zama kusan yunit ɗaya na mita. RTX 5090 shi kaɗai wat 575 ne. Ƙaramar inbatar da ke riƙe fanka da talabijin ba za ta ɗauke shi ba. Saboda haka ƙarfin inbatarka ko solarka ne zai faɗa maka katin da za ka saya. Kada kayan naira dubu ɗaruruwa su shigo gida alhali babu sitabilaiza da UPS (na'urar da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci in an ɗauke wuta) a ɗakin.

Yanayin garinmu na da tasiri a lokacin haɗawa?

Yana da shi. Cikin hunturu iska ta bushe, za ka taɓa ƙofar mota ka ji tartsatsi a yatsa. Wannan tartsatsin yana iya kashe RAM ko madabod. Ka taɓa ƙarfen akwati kafin ka ɗauki komai, ka cire rigar sanyi, kada ka yi aikin a kan kafet. Ƙura kuma na son akwati mai ragar tacewa. Bazara, daga Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40, ita ce ke tona asirin kati mai ciwo, don haka gwajin da aka yi a lokacin ya fi gaskiya.

To ranar da kuɗi suka cika, ya zan yi?

Rubuta jerin kayan da lambobinsu, ka nuna wa wanda ya taɓa haɗawa ya duba dacewarsu. In madabod ɗin B450 ne kuma furosesar jerin Ryzen 5000, tambayi mai shago ko an sabunta BIOS ɗinsa, wato manhajar cikin madabod da ke tayar da kwamfuta, in ba haka ba zai iya ƙin tashi. In Kano za ka shiga, ka yi sammako, ka nemi a haɗa a kunna a shagon kafin ka kama hanyar Katsina, a rubuta maka lambar kowane kaya da kwanakin gwaji a rasit. In daga Legas za a turo, ka daidaita su iso tare, a farkon mako, yadda za ka haɗa a daren, ka bar gem yana gudana awa biyu, washegari in da matsala mai shago yana buɗe.