Satar amsa: ɗaurin shekara 21 da ake ta yaɗawa tsohon zance ne

Duk lokacin da JAMB ko WAEC ta ƙarato sai wani saƙo ya dawo WhatsApp, wai yaron da aka kama da satar amsa shekara 21 zai yi a gidan yari. Bana har an ƙara masa gishiri, wai littafin tsofaffin tambayoyi ma haramun ne. Wata maƙwabciyarmu saura kaɗan ta ƙona na ɗanta.

Shekara 21 ɗin tana da asali. Dokar soja ce ta 1984, zamanin Janar Buhari. Wadda ake aiki da ita yanzu ita ce doka mai lamba 33 ta 1999 kan maguɗin jarabawa, kuma ta hau kan ɗalibi, malami, shugaban makaranta, mai sa ido da ma'aikacin hukumar jarabawa.

Abin da ta hana shi ne mallakar takardar tambayoyin da ba a riga an yi ba, ko sayenta, ko sayar da ita, wato abin da yara ke kira ekspo. Haka nan shiga ɗakin jarabawa da abin satar amsa, da zama a rubuta wa wani. Tambayoyin bara da na bara waccan kuwa sun riga sun fito fili. Yaro ya bi su, ya je lesin, ya koyi danna kwamfuta, babu laifin da ya yi. Amma mai lesin da ya ce a kawo kuɗi yana da tambayoyin gobe, wannan rami yake haƙa wa ɗanka, kai ma da ka biya dokar ba ta ƙyale mai taimakawa ba.

Wurin hukunci ne mutane ke ruɗewa. Wanda bai kai shekara 18 ba, tarar naira 100,000 ce, ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko duka biyun. Malami, shugaban makaranta ko mai sa ido, shekara 4 babu zaɓin tara. Sauran mutane shekara 3, su ma babu zaɓin tara. To, ɗalibi ɗan shekara 19 cikin “sauran mutane” ya faɗa. A nan nake ganin dokar ta yi tsauri inda bai kamata ba. Su waye ke zama jarabawar kammala sakandare suna da 19 ko 20? Yaran karkara da suka shiga boko a makare, da masu maimaitawa karo na biyu ko na uku. Ɗan mai hali da ya gama makarantar kuɗi yana da 16, ubansa zai iya biyan tara ya tafi da shi gida.

Ba kowa ake kaiwa kotu ba, yawanci soke sakamako ake yi. Sai dai a watan Mayun 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ba da umarnin a hana wanda aka kama zama kowace irin jarabawa, WAEC, NECO ko NABTEB, har shekara 3, ana bin sa da lambar NIN. Wannan umarnin minista ne, ba hukuncin alƙali ba, kuma shi ya fi kusa da yaranmu.